Wa Ya Tsinka Jinin Alhaji Tankari?

Ranar Talata da azahar Alhaji Tankari ya faɗi a ɗakin cin abincin Hajiya Habsatou, hawa na shida a wani tsohon bene da ke unguwar Sanyuanli, a birnin Guangzhou na ƙasar China. Loma uku ya yi ta tuwon shinkafa, ya ce jiri yake ji, ya miƙe zai fita, sai aman jini. Lifta ta lalace kamar kullum, don haka Shitu mai ɗaure kaya, wani ƙaton Bakano da kowa ke kira in aiki ya yi nauyi, shi ya goya dattijon har bakin titi. Kafin motar asibiti ta sha kwana, labari ya riga ya isa kasuwar Shahe.

Washegari likita ya yi maganar da ta hargitsa kowa. Ya ce jinin Alhaji ya tsinke ya koma kamar ruwa, alhali fayil ɗinsa na kwamfuta ya nuna sati uku ke nan da ya daina shan maganin tsinka jini da ake ba shi saboda zuciya. In ba magani ba ne, abu ɗaya likitan ya sani mai yin haka, wato shinkafar ɓera. An aika jinin gwaji, sakamako zai fito ranar Juma'a, in ya tabbata asibiti za ta kira 'yan sanda. Alhaji kuwa yana kwance bai san inda kansa yake ba, balle a tambaye shi.

Wanda bai zauna a Guangzhou ba ba zai gane abin da kalmar 'yan sanda ke yi wa cikin mutanenmu ba. Rabin masu kwana a benen nan bizarsu ta mutu tun tuni. In aka shigo neman mai guba, ƙofa-ƙofa za a bi ana tambayar fasfo. Shi ya sa Alhaji Umar Faruƙ, ciyaman ɗin ƙungiyar 'yan kasuwa, ya yanke cewa ranar Alhamis bayan la'asar za a taru a sitonsa, a ɗauki mai laifi a miƙa da hannu kafin a zo nema. Ba a ma sha wahalar zaɓen suna ba, kowa Habsatou yake faɗa.

Sai ciyaman ya aika a kira Sharfaddeen. Shi Sharfaddeen ɗan mai bin sawun shanu ne daga ƙasar Rano, tun yana ƙarami yake bin mahaifinsa daji suna karanta ƙasa. Da ya zo China sai ya tarar babu shanu amma akwai kwalaye, kuma su ma ɓata suke yi. Kwalin takalma zai bar shagunan titin Liuhua Lu ya ƙi isa sito, a kira shi, ya bi lamba da sitika da bakin masu kura har ya tono shi. Halinsa ɗaya da ke ba mutane haushi shi ne bai yarda da kowa ba, ko gaishe shi ka yi sai ya duba takalminka.

"Ba dogon bincike nake so ba, Malam Sharfu," in ji ciyaman. "Magana a fili take. Ka haɗa mana shaida kawai, kada a ce mun zalunci mace."

"To in shaidar ta nufi wani wajen fa, ranka ya daɗe?"

"Ina za ta nufa?"

Sharfaddeen ya miƙe ya yi sallama. Ya lura dai ciyaman ya fi kowa gaggawa, ya ajiye wannan a ransa.

*

Ya tarar da Habsatou a zaune kan buhun shinkafa, tukwane a kife. 'Yar Yamai ce, shekara biyar tana ciyar da 'yan kasuwa, kuma bakinta ya fi yajinta zafi.

"Kai ma ka zo ganin mai guba?" ta ce. "Shigo, kallo kyauta ne."

"Hajiya, an ce kun yi faɗa da Alhaji."

"Mun yi, mi za ni ɓoye? Gaban mutane ya ce namana ba yankan Musulmi ba ne. Ni! Da nake tashi da sassafe in tafi wajen mahautan Musulmi da ƙafata. Na ce mishi wata rana sai ya ci abin da ya fi ƙarfin cikinshi. Na faɗa, kowa ya ji."

"Amma ya dawo cin abincinki."

"Ina za shi? Wa ke dafa mishi marar gishiri in ba ni ba?"

Wannan ita ce matsalar. Mutum takwas suka ci daga tukunya ɗaya ranar Talata, Alhaji kaɗai aka zuba wa daga ƙaramar tukunya ta daban. Ga kuma shinkafar ɓera da aka samu ƙarƙashin wurin wanke-wanke, leda a buɗe.

"Wa ya gano ledar?"

"Souleymane, ɗan ƙanen Alhajin. Daga asibiti ya zo nan kai tsaye, ya durƙusa ya jawo ta."

"Kai tsaye? Bai duba wani wurin ba?"

"Kowa ya san akwai ɓera a benen nan, Malam Sharfu, kowa ya san inda ake ajiye maganinsu. Je ka duba ƙarƙashin wurin wanke-wanken ciyaman, in ba ka samu irinta ba ka zo ka ɗaure ni."

Sai ta sassauta murya. Ta ce 'ya'yanta uku suna makaranta a Yamai da tukunyar nan, kuma an riga an buga wa mahaifiyarta waya an ce 'yarta ta kashe mutum. Sharfaddeen ya ji tausayinta sosai, amma ya sha ganin ɓarawon kwali yana kuka, don haka bai cire ta daga lissafinsa ba.

*

Suna na biyu da ake raɗa shi ne na Najiba, ɗalibar likitanci 'yar Kano da ke yi wa mutane tafinta a asibiti. Ita ta sa wa Alhaji manhajar asibitin a waya, ita ta san lambar sirri. Masu gulma suka ce yarinyar da ke iya shiga fayil ɗin mutum ai tana iya kashe shi daga ɗakinta.

Ya same ta a barandar asibiti, ido ya kumbura. Can gefe Shitu na zaune kan benci yana jan carbi, ƙafa ɗaya a miƙe, tun jiya bai bar wurin ba.

"Yaya abin nan yake aiki?" Sharfaddeen ya tambaye ta. "Ki yi mini bayani irin na ɗan ƙauye."

"Duk abin da likita ya rubuta a kwamfuta, nan take yake faɗowa wayar marar lafiya. In lokacin magani ya yi, waya ta yi ƙara, ta nuna hoton ƙwayar. In ya kusa ƙarewa, asibiti ta aiko wani gida. Baba Alhaji ba ya karanta Sinanci, ba ya karanta Turanci, hoto kawai yake bi. Likitan aljihu yake ce mata. Wallahi da wayar nan za ta ce ya sha kananzir sai ya sha."

"Ke kaɗai ke iya shiga?"

"Ni da Souleymane. An sa mu a matsayin masu kula da shi. Ni kuma wata guda ina jarabawa, ban leƙa ba."

"Leƙa yanzu."

Ta buɗe a wayarta. Ranar tara ga wata, Alhaji Tankari ya ga likitan ƙashi, yana kukan ciwon gwiwar hagu. An tambaye shi ko yana shan maganin tsinka jini, ya ce a'a. Aka soke shi daga fayil, aka rubuta masa maganin ciwon gaɓoɓi mai ƙarfi, sau uku a rana.

Najiba ta dafe ƙirji. "Wannan in ya haɗu da na tsinka jini, ciki yake fasawa. Amma ai ya ce ya daina wancan."

"Ke kika raka shi ranar?"

"Ban ma san ya zo ba."

Ya dube ta na ɗan lokaci. Ko gaskiya take faɗa, ko kuma ta ƙware. Ya ce ta bar wayarta a kunne.

*

Souleymane ne ya buɗe masa ɗakin Alhaji. Siririn mutum ne mai kimanin shekara talatin da biyar, shi ke riƙe wa baffan nasa shago, kuma shi ya fi kowa ɗaga murya a kan Habsatou.

"Ban ga amfanin wannan ba," ya ce. "Matar nan ta faɗa da bakinta, mi ya saura?"

"Alhaji yana ciwon gwiwa?"

"Tsoho ne, mi ba ya yi mishi ciwo?"

Ɗakin tsaf yake. Kusa da dardumar sallah akwai gwangwanin alewa, a cikinsa kwalaye huɗu na maganin tsinka jini, irin tanadin ɗan kasuwa da ba ya yarda kaya su yanke masa. Sharfaddeen ya zaro katin ƙwayoyin da ke sama. Alhaji yana da ɗabi'ar yin ɗigo da biro a jikin kalanda duk ranar da ya sha, kuma ɗigon bai tsaya ranar tara ba, ya ci gaba har daren Litinin. Ashe waya ta daina tuna masa, amma shekara shida na sabo sun ci gaba da tuna masa.

Maganin gwiwa kuwa ko ɓawonsa babu. Kwandon shara ma a wanke yake, sabuwar leda a ciki. Mutum ya faɗi da aman jini, hankalin kowa a tashe, amma wani ya sami sukunin zubar da shara.

A ƙasan benen akwai wata tsohuwar 'yar China mai tsaron kantar da ake ajiye saƙonni. Da Sharfaddeen ya tambaye ta saƙon ɗakin Alhaji, mai lamba 604, ta kaɗa hannu ta ce "meyo", wato babu, kamar yadda take ce wa kowa. Sharfaddeen ya san halinta. Ya sayi ruwan roba biyu, ya kira ta lawban, wato shugaba, ya tsaya yana murmushi har ta gaji ta buɗe wayarta. Ga hoto nan: kwana goma da suka wuce, Alhaji Tankari da kansa, da hularsa, yana karɓar farar leda mai tambarin asibiti.

Yanzu ya san abin da ya fasa cikin dattijon. Abin da bai gane ba shi ne me zai sa mutumin da ke yin ɗigo a kalanda ya ce wa likita ya daina shan magani. Ya tsaya a bakin titi, masu kura suna ta yi masa ƙararrawa, sai ya tuna yadda mahaifinsa ke yi in sawu ya rikice. Ba ya kallon inda sawun ya nufa, zurfinsa yake aunawa da yatsa, ya ce wannan sa ne mai ƙiba, wannan karsana ce. Ya kira Najiba.

"Ranar taran nan, kafin a ga likita ba a awo?"

"Ana yi. Nauyi, tsayi, hawan jini."

"Karanta mini."

Ta duba, sannan ta ce, "Kilo ɗari da huɗu. Yaya Sharfu, wannan kuskure ne. Baba Alhaji ko sittin bai kai ba."

"Ba kuskure ba ne. Gobe ki zo sito."

Ya kashe wayar. Ya riga ya ga wannan sawun, kuma da ma bai gan shi ba.

*

Bayan la'asar ranar Alhamis sito ya cika. Maza kusan talatin a kan kwalaye, Habsatou ita kaɗai a kujerar roba a tsakiya, jakarta a cinya, ta riga ta sa fasfo da kayan sawa a ciki. Ciyaman ya yi addu'a a gurguje ya ce Sharfaddeen ya faɗi abin da ya samu.

"Tambaya ɗaya zan fara yi," in ji Sharfaddeen. "Duk wanda bai taɓa ba ɗan'uwa aron fasfo ya je asibiti ba, kuma shi ma bai taɓa ara ba, ya ɗaga hannu."

Hannu bai tashi ba, har na ciyaman. Abu ne da kowa ke yi yana ganin lada yake samu. Mai matacciyar biza ba ya iya yin rajista a asibiti, sai mai rayayya ya ba shi fasfo, ya sa takunkumi, ya shiga da sunan wani ya fito da magani. A da takarda ce, ana fitowa a yaga ta. Ba wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa yanzu kwamfuta ce, ba ta mantuwa.

Sharfaddeen ya jawo babban sikelin awon kaya tsakiyar sito. Ya hau da kansa, saba'in da ɗaya. Ya roƙi ciyaman ya hau, casa'in da shida, wasu suka yi dariya. Souleymane sittin da takwas. Aka bi layi har kan Shitu, wanda ya taso yana murmushi yana ɗan jan ƙafar hagu.

"Ku riƙe sikelinku kada ya karye," ya ce.

Lamba ta yi rawa ta tsaya a ɗari da huɗu.

"Shitu, ranar tara ga wata ina ka je?"

Murmushin ya ɗauke. Shitu ya waiwaya ya dubi Souleymane, Souleymane ya dubi ƙasa.

"Asibiti na je. Gwiwa ta hana ni ɗaukar kaya. Souleymane ya taimake ni da fasfon Alhaji daga durowar shago, ya nuna musu lamba a wayarsa. Ya ce kada Alhaji ya ji, don shi ba ya ba da aro. To me ya haɗa wannan da guba?"

"Likita ya tambaye ka maganin zuciya?"

"Ya tambaya ta waya mai fassara, wai ina sha? Na ce ba na sha. Ai ba na sha, Malam Sharfu. Ban yi masa ƙarya ba sai ta suna."

Najiba ce ta yi bayanin sauran, a hankali. Kwalin farko Shitu ya karɓa a asibiti. Na biyu kwamfuta ta aika adireshin mai fayil, waya ta yi ƙara ta nuna hoto, Alhaji ya bi umarnin likitan aljihunsa sau uku a rana, kwana goma, a kan maganin tsinka jininsa.

Shitu ya zauna daɓas a kan sikelin. "Innalillahi. Ni na goya shi. Ashe ni ne."

"Kai ba ka sani ba," in ji Sharfaddeen. "Akwai wanda ya sani. Souleymane, ranar Talata wayar Alhaji tana hannunka lokacin da ta yi ƙarar maganin rana. Ka ga hoton, ka gane shi. Ka je ɗaki ka kwashe kwalin, ka zubar da shara, sannan ka wuce wajen Hajiya ka durƙusa daidai inda ka san za ka samu leda."

"Tsoro na ji!" Souleymane ya fashe da kuka. "In Baba ya mutu mi za ni ce ma gida? Na ce ita tana da papiye, takardunta lafiya lau, tambayoyi kawai za su yi mata su sake ta."

Abin da ya fi ƙona wa Sharfaddeen rai shi ne yadda maganar ta sami kunnuwa. Sito ya yi tsit, irin tsit ɗin masu lissafi. Wani daga baya ya ce ai gaskiya ne, Hajiya tana da biza, Shitu kuwa shekara tara ba shi da ko takarda ɗaya. Ciyaman ya gyara murya ya ce a duba maslaha, wataƙila in aka yi shiru gwajin ba zai nuna komai ba.

"Zai nuna," in ji Najiba. "Maganin tsinka jini da shinkafar ɓera dangi ne. Fayil ya ce ba ya sha, to sai su ce guba ce. Kuma ba za su goge ranar tara ba sai wanda ya je ya tsaya gabansu da kansa."

Habsatou ta ɗago kai. Ta bi fuskokin da ta ciyar shekara biyar da kallo, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sami abin dubawa a jikin kwali.

Shitu ya dafa gwiwa ya miƙe. Ya ciro makullin ɗakinsa ya miƙa wa ciyaman, ya ce a ba wa wanda ba shi da wurin kwana.

"Shitu, ka san abin da zai biyo baya," in ji ciyaman. "Tsarewa ce, sannan jirgi. Ba dawowa."

"Na sani, ranka ya daɗe. Malam Sharfu, kai ka gano ni, kai za ka raka ni." Ya juya wajen Habsatou ya rusuna iya yadda ƙafar ta bari. "Hajiya, ki yafe mini kwana biyun nan. Har da ni aka zarge ki."

Habsatou ta miƙe ta rataya jakarta. Ta wuce gabansa ta buɗe ƙofar sito da kanta, ta ce tare za su tafi, don akwai abin da ita ma za ta faɗa wa likita. Sharfaddeen ya tsaya sai da Souleymane ya tashi ya shiga gabansa.

Sun kai bakin ƙofa ciyaman ya ɗaga murya, yana neman ya gyara abin da ba ya gyaruwa.

"Hajiya, a yi haƙuri, sharrin shaiɗan ne. Gobe dai akwai abinci ko?"

Ta tsaya, amma ba ta juyo ba.

"Akwai," ta ce. "Kwano guda. Kuma duk inda suka ajiye Shitu, ni za ni kai mishi da kaina."